Zuwa ga Masu Wanki da Goge Mota, Kafin Ku Yarda da Sabon Kakin Karnauba



Gaisuwa ga iyayen gidanmu masu rumfunan wankin mota, da ƙannenmu da ke riƙe da bokiti da soso tun hantsi har la'asar. Allah Ya sa wa nema albarka.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne gwangwanayen kakin goge mota da ke shigowa kasuwa ɗauke da sunan karnauba da manyan baƙaƙe. Dillali zai kawo muku ɗaya, ya lakato kaɗan ya murza a bonet, ya goge, ya ce ku duba fuskarku. Za ku gan ta kuwa. Sai dai sheƙin ranar farko ba shaida ba ne, domin ko man gyaɗa aka shafa wa fenti sai ya yi ƙyalli na ɗan lokaci. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Kaki ba ya nuna halinsa sai ya sha rana, ya sha ƙura, ya sha wanki uku ko huɗu, kuma a hannunku ne za a yi wannan gwajin, ba a bakin mai talla ba.

Ku fara da sanin abin da ke cikin gwangwanin. Karnauba bishiya ce mai faffaɗan ganye irin na giginya, tana fitowa a arewa maso gabashin Brazil, musamman jihohin Piauí da Ceará, inda rani ke da tsawo da zafi. Bishiyar ce ke lulluɓe ganyenta da kaki don kada rana ta zuƙe mata ruwa. Da rani ake sare ganyen, a shanya, a bubbuge har garin kakin ya zubo, sannan a narka a tace. Wanda aka samo daga ƙananan ganyen da ba su buɗe ba shi ne ruwan ɗorawa mai haske, shi ake kira T1, ya fi tsada; na tsofaffin ganye ya fi duhu, shi ne T3 da T4. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86, alhali kakin zuma a wajen digiri 62 zuwa 64 yake sakin jiki. Wannan taurin ne ya sa duniya ke nemansa. Yana cikin man goge takalmi, yana jikin alewa da ƙwayoyin magani masu santsi. Tun a 1935 Herbert Johnson, mai kamfanin kakin goge daɓe a Amurka, ya ɗauki ƙaramin jirgin sama har Fortaleza don ya ga bishiyar da idonsa. Ke nan karnauba ba sabon abu ba ne. Abin da yake sabo a gwangwanin da aka kawo muku shi ne haɗin.

Haɗin kuwa dole ne. Tsantsar karnauba ɓawo ne mai tauri, ba ya shafuwa, sai an sassauta shi da mayuka da sinadaran narkarwa, wani lokaci da kakin zuma ko na fetur. Don haka idan kuka ga an rubuta 100% a jikin gwangwani, mafi kyawun zaton da za ku yi masa shi ne kakin da ke ciki duk na karnauba ne. Ba wai babu komai a ciki sai shi ba. Yawan kason da aka rubuta ma ba shi ke nuna inganci ba. Ni dai na fi duba wani abu daban: shin tsantsar kaki ne, ko an haɗa shi da abin kankare fenti? Na biyun yana ɗan cin saman fenti duk sa'ad da aka murza shi. Yana taimakon motar da ta dusashe, amma a yi ta maimaita shi a mota ɗaya wata bayan wata cuta ne, domin shafin nan na sama marar launi da ke kare fentin motocin zamani bai kai kaurin takardar rubutu ba.

Wannan ya kawo mu ga ruɗanin da ya fi yawa a rumfunanmu, inda komai sunansa folish. Folish yana gyara fenti ne, ya share ƙananan kwarzane. Kaki rufi ne kawai a bisa abin da ya tarar. In ya tarar da datti, datti zai rufe. In ya tarar da kwarzane, zai cike shi na 'yan kwanaki, da an yi wanki ya sake bayyana. Mafi yawan sheƙin da ake yaba wa kaki, aikin da aka yi kafin shafa shi ne. Bayan wanki, sa hannunka a cikin siririyar leda ka shafa bonet. Idan ka ji gurzi-gurzi, fentin bai shirya ba, sai an bi shi da yumɓun tsabtace fenti tare da ruwan kumfa har ya yi santsi.

To, ga yadda za ku gwada. Kada ku fara da motar kwastoma. Motar gida ko ta maƙwabcin da ya yarda ta isa. Ku raba bonet biyu da salatif, rabi sabon kakin, rabi wanda kuka saba da shi, ku bar ɗan siririn layi ba komai don ya zama ma'auni. Bonet ko rufin mota za ku zaɓa, ba ƙofa ba, domin su rana ke duka kai tsaye. Baƙar mota da ta yini a filin Allah da bazara a Sakkwato ko Maiduguri, jikinta na iya haura digiri 70. Kakin ba zai tsiyaye ba, amma mayukan da aka haɗa shi da su suna saurin barin sa, kuma alƙawarin watannin da aka buga a gwangwani ba da irin wannan ranar aka auna shi ba. Ko a ƙasashen sanyi, karnauba daga makonni kaɗan ne zuwa wata biyu ko uku. Ku rubuta ranar da kuka shafa. Duk bayan wanki ku watsa ruwa ku duba: ɓangaren da ruwa ke dunƙulewa ƙanana yana gangarewa, kaki na nan, inda ya kwanta shimfiɗe, ya tafi. Ku kuma duba wane ɓangare ne ƙura ta fi maƙalewa, don wasu haɗe-haɗen masu yawan mai suna riƙe ta.

Wajen shafawa, inuwa da sanyin ƙarfe su ne sharaɗi. Idan bayan hannunka bai iya zama a kan bonet ba, jira. Amma ba inuwar darbejiya ba, da kashin tsuntsu da ɗigon ƙaro. Kashin tsuntsu in ya bushe a rana yana cin fenti, kaki jinkirta shi kawai yake yi. A shafa siriri ƙwarai, har sai ka karkata kai kafin ka gan shi. Yara suna son lafta shi da kauri don mai mota ya ga ana aiki, alhali abin da ke zama a fenti ɗan kaɗan ne, sauran asara ce da wahalar gogewa. Da ya yi hazo-hazo, ja yatsa a kai: in ya fita tas, goge da tawul mai laushi na maikurofaiba, in ya dame, ba shi lokaci. Da hunturu yana bushewa da wuri, don haka a bi motar gaɓa-gaɓa, kada a zagaye ta gaba ɗaya sannan a dawo. A nisanta shi daga baƙar robar bamba da ta gefen gilashi, domin yana barin farin tabo mai wuyar fita, kuma fenti marar sheƙi da aka yi shi haka da gangan ba a sa masa irin wannan kaki sam.

Yanzu ga maganar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Babban abokin gabar kakin nan yana cikin bokitinmu. Garin sabulun wanki irin su Omo an yi shi ne don ya tsinke maiƙo daga tufafi, kuma haka zai yi wa kakin da kuka karɓi kuɗi kuka shafa. Mutum ya sayi gwangwani mai tsada, mako ya zagayo ya wanke motar da garin sabulu, sannan ya ce kayan jabu ne, wannan bai yi wa kakin adalci ba. Wanda ba zai sayi sabulun ruwa na mota ba, gara ya bar karnauba a kanti. Haka batun ruwa: na wasu rijiyoyin burtsatse yana da gishiri-gishiri, in aka bar ɗigonsa ya bushe a rana sai ya bar zobba a fenti, kuma mota mai kaki ta fi fuskantar wannan tunda ruwa dunƙulewa yake yi a kanta. A tsane ta nan take.

Sai ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi.  Laushinta a ido yaudara ce, akwai ɓarɓashin yashi a ciki. Direban da ke kaɗe mota da busasshen tsumma kowace safiya yana goge kakin, yana kuma zana wa fenti waɗannan zagayayyun layukan da ake gani a rana. Ku gaya masa, ko da ba zai so ji ba: ruwa tukuna, tsumma daga baya. Ku ma ku ware bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, kuma soson taya kada ya hau jiki.

Motar da ta fito daga wurin mai fenti, ku tambaya yaushe aka fesa. Sabon fenti yana buƙatar wata ɗaya zuwa uku yana fitar da sinadaransa kafin a rufe shi da kaki. Wadda kuma za a kai fesawa gobe, kada ku shafa mata, domin kaki, musamman mai silikon, yana sa sabon fenti ya ƙi kamawa ya yi ramuka.

Game da kwastoma, Alhaji ne ko Hajiya, ku faɗa masa abin da gwajinku ya nuna, ba abin da gwangwani ya ce ba. Idan motar ɗaurin aure ce ko wadda ke kwana a gareji, baƙa ko ja, karnauba yana ba ta wani zurfin launi mai ɗumi da masu sha'awa ke biyan kuɗi dominsa. Idan kuwa ta haya ce ko ta ofis da ke yini a rana, ruwan kariya na sinadari ya fi daɗewa, ya fi masa riba. Wanda ya zaɓi karnauba duk da haka, ku sanya masa ranar dawowa, ku haɗa kuɗin sabulun mota a cikin farashin tun farko.

Wassalam.

Naku,
ɗan'uwanku a sana'a.