Kaset ɗin Gambu Ya Ƙi Mutuwa, Kuma Ba Tsofaffi Ne Suka Riƙe Shi Ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan boko da wasu masu faɗa a ji a ƙasar Kabi. Wai waƙoƙin Alhaji Muhammadu Gambo na Fagada, wanda duniya ta sani da Gambu mai waƙar ɓarayi, abin kunya ne da ya kamata a ce an binne su tare da shi tun 2016. Wai kuma in ka ji muryarsa tana tashi a wani wuri yau, to wani tsoho ne yake kewar ƙuruciyarsa. Duka biyun ban yarda da su ba.

Mai cewa tsofaffi ne kaɗai suka rage wa Gambu, ya bar ofis ya bi hanyar Bagudo zuwa Kaoje, ya ratsa ƙauyuka irin su Kurgu, ya tsaya a Tsamiya ranar kasuwa, inda ake ƙetarawa zuwa Segbana ta ƙasar Benin. Ya saurari abin da ke fita daga wayar 'yan kabu-kabu da yaran mota. Ya je rumfar masu tura waƙa a mimori ya tambaye su wa ke neman Gambu da Ɗan Anace da Kassu Zurmi. Samari ne, waɗanda ba su taɓa juya kaset da biro ba. Shata ya rasu a 1999, mai shekara ashirin a yau bai zo duniya ba a lokacin, amma ya san muryarsa. Mutum yana kewar abin da ya rayu a cikinsa ne. Wanda bai ga zamanin ba, wani abu daban ne ya ja shi.

Abin da ya ja shi yana cikin aikin. Kiɗan nan da hannu aka yi shi, a gaban jama'a, makaɗa suna kallon bakin ubangidansu, ya ja su bi, ya tsaya su tsaya, ya ɗaga murya kalangu ya amsa masa. Kana jin hayaniyar taro a bayan waƙar, kana jin inda aka yi masa kari ya ƙara wuta. Ba a gyara komai da na'ura ba, shi ya sa in ka saurara karo na ɗari sai ka tsinci abin da ya wuce ka a baya. Sannan ga harshe. Gambu ya yi waƙa da Hausar yamma tsantsa, wadda mutumin Maiyama da na Bagudo da na Kamba ke yi a gida, bai tankwasa bakinsa don ya burge Kano ba. Yaron da kullum ake yi wa dariyar yadda yake magana in ya shiga birni, a nan yake jin harshensa yana tsaye da ƙafafunsa. Uwa uba, Gambu mai ba da labari ne. Yakan ɗauko mutum, ya nuna maka dabararsa da tsoronsa da dare da dukan da ya sha da zaman kurkuku, har ka ga wata duniya da ke maƙwabtaka da kai wadda ba wanda ke son ya ambace ta. Kiɗan kwamfuta da ake bugawa a situdiyo yau da safe a sake shi da yamma, yawancinsa ba ya kai damina biyu. Akwai gwanaye a cikin mawaƙan zamani, ban musa ba, amma kaɗan ne ke da ƙarfin halin taɓa abin da zai hana a gayyace su biki.

Sai batun tarbiyya, kuma ba zan yi wasa da shi ba. Manomin da aka kore wa shanun huɗa ana gab da shuka, ko matar da aka fasa wa ɗaki aka kwashe kayan aurenta, suna da haƙƙin su ƙi jin ana koɗa ɓarawo. Waƙar tana zuga, wannan gaskiya ne. Amma a ce ita ce ke haifar da ɓarayi, wannan neman sauƙi ne. An yi sata kafin a haifi Gambu. Ya shekara da shekaru yana waƙa ana tafiya daga Jega zuwa Yawuri ba mai fargabar a ɗauke shi a nemi kuɗin fansa. Masifar 'yan bindiga da ta mamaye Zamfara ta watsu zuwa maƙwabta, bindiga da rikicin kiwo da rashin adalci da sakacin hukuma ne suka kawo ta. Masu sauraren Gambu kuwa, mafi yawansu manoma ne da direbobi da mahauta, wato mutanen da ake yi wa satar.

Turawa ma sun yi irin wannan rigima. A 1980 ƙungiyar AC/DC ta ƙasar Ostireliya ta fitar da faifan Back in Black, kiɗan jita mai tsananin ƙara, 'yan watanni bayan mutuwar mawaƙinsu Bon Scott. A 1985 wata ƙungiyar iyaye a Amurka ta sa ɗaya daga waƙoƙin faifan cikin jerin goma sha biyar da ta ce sun fi ɓata yara, maganar har ta kai zauren Majalisar Dattawa. Yau ana ƙiyasta an sayar da kwafi kusan miliyan 50, jikokin waɗanda suka fara sayensa suna saurare. Su sun adana nasu, sun gyara sautinsa, sun sake bugawa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne zaɓen da muke yi. Mawaƙin da ya wasa ɓarawon biro, wanda ya cinye kuɗin asibiti da na hanya, a ba shi mota a kira shi fasihi, a sa waƙarsa a gidan rediyo safe da yamma. Wanda ya kira ɓarawo da sunan sana'arsa, shi ne ba a so a ambata cikin manyan mawaƙan ƙasar Kabi. Alhali masana harshe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato sun daɗe da gane darajar waƙoƙin, sun yi nazari a kansu.

Yanzu haka abin da ke yawo a wayoyi kwafin kwafi ne, an ɗauko daga kaset da ya sha rana da ƙura, wasu an yanke farkonsu, wasu an laƙaba musu sunan da ba nasu ba. Kaset na asali suna nan a akwatunan tsofaffin masu sayar da kaset a Jega da Birnin Kebbi, suna lalacewa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da gidan tarihi na Kanta da ke Argungu su tura mutane su saye su, a juye su da na'ura mai kyau, a rubuta baitocin yayin da waɗanda suka yi masa kiɗa da amshi suke da rai, su faɗi inda aka yi kowace waƙa da wanda aka yi wa.