Baƙin fenti a kan inji, da haddar da muke kira ilimi

Makon jiya na tarar da tsofaffin ɗalibaina biyu suna musu a gindin wata bishiya a nan Kieche. Ɗayan ɗan kabu-kabu ne, ya yi shekara biyu yana tara kuɗi kafin ya sayi moto na hannu, mai ɗan akwatin sanyaya baƙin mai a gaban inji. Ya samo ragowar fentin ƙofa ya lafta wa akwatin har da haƙarƙarin injin, don an ce masa baƙi yana fitar da zafi. Ɗayan kuma, wanda ya ci BEPC da maki mai kyau, ya rantse injin zai ƙone, domin a aji an koya masa baƙi shan zafi yake. Suka ce: "Mushe, raba mu."

Na raba su, amma na koma gida da kunya, don kowannensu rabin darasi ya riƙe, kuma mu muka ba su rabin.

Tun 1859 Bajamushen nan Gustav Kirchhoff ya nuna cewa abin da ya iya shan zafi, haka ya iya fitar da shi. Shi ya sa ragar bayan tsohon firiji take baƙa. Aluminiyam mai sheƙi ba ya haskaka ko kashi ɗaya cikin goma na zafin da fentaccen ƙarfe yake haskakawa, kuma a wannan aikin farin fenti da baƙi kusan ɗaya suke. Sai dai moto na gudu ba ta nan yake rage yawancin zafinsa ba. Iskar da ke ratsa tsakanin haƙarƙarin ce take kwashe shi. Fenti mai kauri yana cike waɗannan ƙofofi ya zama bargo, ƙurar Dallol Mawri ta zo ta manne a kai. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, yaron da ya ɗauko buhu biyu zuwa Dogon Dutsi yana wasa ne da jarinsa gaba ɗaya. Na ce masa ya kankare fentin, ya riƙa wanke ƙura, ya kiyaye lokacin juyen mai.

Laifin namu ne, malamai. Muna rubuta doka a allo da Faransanci, yaro ya kwafa, ya haddace, ya amayar ranar jarrabawa, mu ba shi maki. Ba mu taɓa tambayarsa me ya sa injin moton babansa yake da haƙarƙari ba. Za a ce ba mu da ɗakin gwaji, aji kuma ya cika maƙil. Na sani, a irin ajin nake kwana nake tashi. To gwangwanin madara biyu fa? A shafa wa ɗaya baƙi, a bar ɗaya da sheƙinsa, a zuba ruwan zafi a rufe, a ajiye a inuwa, yara su duba wanne ya riga hucewa. Sannan a yi musu fifita, su ga aikin iska. Wannan bai kai kuɗin shayin safe ba.

Ku ma iyaye kuna da naku kason. Kuna tambayar yaro na nawa ya zo a aji, ba ku tambayarsa me ya gane. In ya tsaya wurin bakanike yana tambaya, ku ce ya lalace. Ku bar shi ya tsaya, ya dawo ya yi muku bayani da Hausa, domin abin da ya kasa faɗa da harshen uwarsa bai riga ya sani ba.

Ni dai ranar Litinin da gwangwanaye biyu zan shiga aji, na kuma roƙi ɗan kabu-kabun ya kawo motonsa filin makaranta.