Keke ko kwale-kwale? Ni dai na zaɓa

Sati biyu ke nan wani abokina ya matsa min wai mu haɗa kuɗi mu je mu gwada kayak, ɗan siririn kwale-kwalen nan na roba da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu. Hujjarsa: kullum muna zaune a Lagoon Front na UNILAG muna kallon ruwa da gadar Third Mainland, ba mu taɓa shiga ba. Kuma yana da gaskiya ta wani gefen. Rayuwarmu ta koma lakca, masallaci, waya, barci. Kwanan baya na hau bene hawa uku, wallahi na iso ina haki kamar tsoho.

Sai na tambaye shi, "Malam, ka iya iyo?" Ya yi shiru. Ni ma ban iya ba.

Kada wani ya ce Bahaushe bai san ruwa ba. A je Argungu a ga Kabawa, a je Yawuri lokacin Rigata a ga tseren jirage. Amma waɗannan a bakin kogi aka haife su. Mu da muka tashi a Kano ko Katsina, ko nan Agege, iyakar ruwanmu kududdufi, shi ma da bulala aka raba mu da shi. Kuma ba mu manta da jirgin Warrah a 2021 ba, ko na 'yan biki a yankin Patigi a 2023, inda mutum sama da 100 suka rasu. Allah Ya ji ƙansu. Na san kayak da rigar kariya ake shiga, amma yana kifewa, kuma wanda bai iya iyo ba ruɗewa yake fara yi. A koyi iyo tukuna. Ga kuɗin haya duk zuwa.

Keke fa? (Ina nufin mai taya biyu. A garin nan in ka ce keke, Marwa za a tsayar maka.) Yawancinmu mun iya tun muna yara, guiwoyinmu shaida ne. Abin da ya hana mu kawai girman kai ne: wai ɗan jami'a a kan keke, kamar mai tallan yalo. Alhali a zamanin kakanninmu mai Raleigh babban mutum ne. A ƙasar Holan kekuna sun fi mutane yawa, har Mark Rutte yana firaminista da keke yake zuwa ofis. Mu kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ke cinye na abincinmu, amma kunya muke ji.

Ban ce a taso daga Agege a ratsa Oshodi zuwa Akoka a kan keke ba fa. Direban danfo ba ya ganinka. Wannan tafiyar a bar wa jirgin Red Line, ka sauka Yaba. Cikin makaranta nake nufi, ko safiyar Lahadi bayan Asuba lokacin da titi ba kowa, da hular kwano da fitila.

Yanzu tokumbo nake nema mai giya. Wanda ya san inda ake samu da rahusa ya taimaka. In mun kai mutum biyar, mu haɗu ƙarƙashin gadar Pen Cinema ranar Lahadi, mu zaga mu dawo mu sha shayi da burodin Agege. Mai kayak ya ce zai zo, amma sai an ara masa keke.