Najeriya: Horon 'yan kwana-kwana na hannun majalisun jihohi

Duk lokacin da gobara ta cinye kasuwa a Najeriya, abin da ake fara ji daga bakin mahukunta shi ne alƙawarin sayo sabbin motocin kashe gobara. Ba kasafai ake tambayar irin horon da mutanen da za su hau motocin suka samu ba, alhali nan ne babban giɓin yake.

Dokar da ta kafa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya tun ta shekarar 1963 ce, an kuma tsara ta ne lokacin da Legas ke babban birnin ƙasar. An sha kai ƙudirin sauya ta gaban Majalisar Tarayya. Sai dai ko an sabunta ta, galibin aikin yana wuyan jihohi 36, domin kowace jiha tana da hukumarta, da kasafinta, da yadda take ɗaukar ma'aikata. Tarayya na da makarantar horaswa a Sheda, kusa da Abuja, amma ingancin jami'in da zai isa wurin gobara a Kano ko Katsina ya dogara ne da abin da jiharsa ta tanada.

A Nijar da Kamaru lamarin ya sha bamban: 'yan kwana-kwana sojoji ne, horonsu kuma na ƙasa baki ɗaya ne.

Gobarar yau ma ba irin ta da ba ce. Fashewar tankar fetur a Majiya da ke jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, ta hallaka mutum fiye da 150. Wutar fetur ba ta jin ruwa, sai ma ya watsa ta; kumfa ta musamman take buƙata, da jami'an da suka san nesanta jama'a daga wurin kafin wuta ta tashi. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 kuwa ta nuna wahalar aiki cikin cunkoson rumfuna.

Majalisun jihohi na da ikon rubuta mafi ƙarancin horo cikin doka: tsawon lokacin koyo, jarrabawar shiga aiki, sabunta horo lokaci-lokaci, da kuɗin da aka keɓe masa. Idan doka ta faɗa, sauyin gwamna ba zai share shi cikin sauƙi ba.

Batun bai tsaya ga 'yan Najeriya ba. Fataken Maraɗi, Damagaram da Garwa na sarin kaya a Kantin Kwari da Dawanau. Ranar da wuta ta kama can, jarinsu ma yana ciki.