Ƙungiyoyin Agaji A Bakin Tafkin Kainji: Wa Zai Riƙe Ragama Idan Mai Taimako Ya Tafi?

Tun lokacin da Gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakon da take bai wa ƙasashen waje a watan Janairu na 2025, daga baya kuma ta rufe hukumarta ta USAID, ƙungiyoyin agaji da dama a Nijeriya suka shiga halin rage ma'aikata da sake tsarin shugabanci. Wannan al'amari ya sake ta da wata tambaya wadda mutanen ƙasar Yauri suka daɗe da sani, watau wa zai riƙe aiki tsakanin tafiyar mai taimako da kafuwar sabon shugabanci?

An gama gina madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka ta da mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu da tsibiransu, cikinsu har da Gungawa na ƙasar Yauri. Da tafkin ya cika sai kifi ya yalwata, har abin da aka kama a 1971 ya haura tan 28,000, amma zuwa 1978 ya faɗi ƙasa da tan 5,000.

A 1993 Gwamnatin Tarayya da hukumar GTZ ta ƙasar Jamus suka soma shirin bunƙasa kamun kifi a tafkin, tare da cibiyar binciken kifi da ke Sabuwar Bussa. Shirin ya riƙa ƙidaya jirage da kayan su, ya kawo yankan lasisi, ya sa hannu a yaƙi da kainuwa har aka girka shinge a kan kogin Kwara a Zamare. Haka kuma aka hana amfani da tarun dala, wanda ke kwashe 'ya'yan kifi tare da warangi.

Abin lura shi ne masu shirin sun san ba dawwama za su yi ba. Saboda haka aka jawo sarakunan ruwa cikin aikin, aka kuma kafa sashe na musamman mai kula da sha'anin kifin tafkin, wanda ya haɗa jihohin Kebbi da Neja, domin ya gaji aikin. Dalili kuwa a fili yake: doka a kan ruwa ba ta tsayuwa sai da mai zagayawa da jirgi, mai riƙe littafin lasisi, da wanda masunta za su kai wa ƙara. Idan waɗannan suka yanke ko da na shekara guda ne, mai saɓa doka zai koma ruwa, wanda ya bi doka kuma shi zai ga ya yi hasara.

Irin wannan giɓi ne ke barazana ga ƙungiyoyin taimakon kai da kai na masunta da na mata masu ƙyafe kifi a Yelwa da Wara da Shanga, duk lokacin da shugaba ya sauka ko tallafi ya ƙare. A nan ne amfanin mai riƙon ƙwarya yake. Aikinsa shi ne ya karɓi littattafan kuɗi da kayan ƙungiya a rubuce, ya biya haƙƙin ma'aikata, ya ci gaba da hulɗa da hukuma da masarauta, sa'an nan ya shirya zaɓe ya miƙa ragama.

Amma fa akwai bambanci tsakanin wanda ƙungiya ta gayyato da wanda aka ɗora mata. A Ingila, dokar 2011 ta ba hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ikon naɗa manajan riƙo bayan ta buɗe bincike. A Nijeriya ma, sashe na 839 na dokar kamfanoni ta 2020 ya ba Hukumar Rajistar Kamfanoni irin wannan iko, abin da ya jawo suka daga ƙungiyoyin addini da na sa kai, har a 2023 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce sashen ya saɓa wa tsarin mulki. Jama'ar da suka ga yadda kantomomi kan daɗe a ƙananan hukumomi suna da hujjar yin ɗari-ɗari.

Saboda haka ya kamata kowace ƙungiya a bakin tafkin ta rubuta cikin tsarinta, tun da sauran zaman lafiya, wanda zai naɗa mai riƙo, da iyakar wa'adinsa, da sharaɗin cewa ba zai tsaya takarar kujerar ba. Masu ba da tallafi kuma su ware kuɗin miƙa aiki tun ranar da suka sa hannu a yarjejeniya, don ba a fafe gora ranar tafiya.