Baunarmu Ba Ta Da Madadi

Duk wanda ya tashi daga Dutse ya je Birnin Kudu, ya leƙa Dutsen Habude ko Dutsen Mesa, zai ga zanen shanu wanda mutanen dā suka yi a jikin dutse. Shanun nan ba su da tozo, waɗansunsu kuwa dogayen ƙahoni gare su. Yau irinsu ya ɓace daga garkunanmu, sai Bunaji da Rahaji masu tozo. Watau dai iri yakan ƙare ƙaf, a bar mutane da hoto. Haka ya faru a dawa. Labarin kaka da kakanni ya ce yawan gada ne ya sa aka ce Dutse Gadawur, amma yaran makarantunmu na yanzu ƙalilan ne suka taɓa ganin gada, balle bauna, saniyar dawa. A kan baunar nan mu ke so jama'a su yi tunani.

Waɗansu kan ce ai bauna tana nan tuli a Tanzaniya da Afirka ta Kudu, in tamu ta ƙare sai a sayo a zuba. Masana sun riga sun rushe wannan magana. Akwai wani abu cikin jini da tsokar kowace dabba wanda ta ke gādo daga iyaye, ana ce da shi ƙwayoyin gādo, da shi a ke gane dangantakar iri da iri. Cikin 2013 aka buga sakamakon wani bincike na ƙwayoyin gādon ɓauna daga sassan Afirka, aka tarar gida biyu ne. Gida ɗaya shi ne na gabas da kudu, manya, baƙaƙe, masu kaurin ƙaho. Ɗaya gidan kuwa shi ne na yamma da tsakiya, ya haɗa tamu ta saura da ƙaramar jar baunar kurmi. Rabuwarsu ta fi shekara dubu ɗari. Ashe in an kawo baƙuwa, ba a mayar da abin da aka rasa ba, wata dabba ce aka kawo. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

To, ina guntun namu ya ke? Mafi kusa da mu shi ne gandun Yankari a Jihar Bauci, wanda aka keɓe cikin 1956, aka buɗe wa masu ziyara cikin 1962, faɗinsa murabba'in kilomita wajen 2,244. Baunar yamma ta sha wuya ƙwarai. Ciwon bushiya da ya share shanun Filani wajen 1890 bai ƙyale ta ba, da ya komo cikin 1983 ya sake yi mata ɓarna har cikin Yankari. Alhamdu lillahi, cikin 2011 aka tabbatar an kawar da cutar nan daga duniya. Amma sauran abokan gaba suna nan: bindigar maharbi, da gatarin mai gawayi, da garken da ke kutsawa gandu yana cinye ciyawa, yana musayar cuta da namun dawa. Cikin 2019 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa baunar Afirka cikin jerin waɗanda suka kusa shiga haɗari.

Ko da ya ke haka ne, ba daidai ba ne a ɗora wa makiyayi laifi duka. Mutumin da noma ya cinye masa burtali da mashaya, ina zai sa kansa da rani in ba gandu ba? Saboda haka kiyaye bauna a Bauci yana farawa ne daga kiyaye burtali da makiyaya a jihohi irin tamu. Wannan shi ne rabonmu na farko cikin aikin.

Na biyu, cikin 2020 Gwamnatin Tarayya ta yarda a mai da fadamar Haɗejiya da dajin Falgore gandayen ƙasa. Takarda kaɗai ba ta tsaron daji, sai an sa ma'aikata, an biya su, an kuma jawo hakimai da arɗo-arɗo cikin shawara. Na uku, muna da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011. Ya kamata 'ya'yanmu su koyi wannan ilmi na ƙwayoyin gādo, su auna namun dawanmu da shanunmu da kansu, kada kullum sai an zo daga waje an gaya mana abin da mu ke da shi.

Ku kuma malaman makaranta, ku kai yara Birnin Kudu su ga zanen nan, ku bayyana musu yadda aka yi shanun suka ɓace. Allah ya sa jikokinmu su ga bauna tana kiwo da idonsu, amin.