Lafiyar Iyali: Idan Yaronki Ya Ce Zai Tafi Fatsa A Kwale-kwale

 

Idan kina leƙa wayar samarin gidanki, da wuya a ce ba ki taɓa cin karo da bidiyon Turawa masu kamun kifi a teku ba. Mutum biyu ko uku a ɗan ƙaramin jirgi, sun ɗan yi nesa da gaɓa, kowa riƙe da sandar fatsa, can sai ki ga an jawo ƙaton kifi ana ta ihun murna. Ba don cefane suke yi ba, nishaɗi ne kawai. Wasu ma hoto za su ɗauka su mayar da kifin ruwa.

Mu a Kano ba mu da teku, sai an je wuri irin Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. Amma yaron da ya kalli bidiyon nan ba zai jira Legas ba. Ga Kogin Challawa nan a bayan Panshekara, ga dam ɗin Tiga, ga na Challawa a Ƙaraye, ga Bagauda. Abokai za su haɗa kuɗi ranar Asabar, su lallaɓa wani masunci ya ɗauke su a kwale-kwale. Wani lokaci ma Baban yara ne da kansa zai ce bari ya fita da su shan iska.

Ra'ayina shi ne kada ki hana kai tsaye. Su sana'ar kakanni ce, bikin kamun kifi na Argungu tun 1934 ake yin sa, kuma saurayin da ya wuni a bakin ruwa yana koyon haƙuri ya fi wanda ya wuni a majalisar banza. Sannan yaron da aka hana ba tare da bayani ba, satar hanya zai yi ya tafi, ba ki san inda yake ba, ba ki san da wa yake ba. Abin da ya fi shi ne ki yarda, amma da sharuɗɗa. Kuma ba za ki iya gindaya sharaɗi ba sai kin san yadda ruwan namu yake.

Abin da bidiyon ba ya nunawa

Waɗancan mutanen kafin su bar gaɓa sun duba hasashen yanayi, sun sa rigar kariya, sun bar wa wani labarin inda za su da lokacin dawowa. Yaranmu kifin kawai suke gani.

Ruwan dam a ido lumus yake, babu igiya irin ta teku, shi ya sa ake raina shi. Amma a ƙarƙashinsa akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka datse kogi, akwai tsofaffin komaye da ke harɗe ƙafa. A kogi kuma masu ɗibar yashi suna barin ramuka: yaro yana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ya ji babu ƙasa. Da damina hadari kan taso daga gabas cikin ɗan lokaci, iskar da ke gabansa kuwa ta isa ta kifar da kwale-kwale.

Ba mu manta da Bagwai ba. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya ɗauko mutane daga ƙauyen Badau ya kife a dam ɗin Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Jirgin an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ke ci duk shekara, kuma yara da matasa suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Ki gaya wa duk wanda zai raka yaranki wannan: mai nutsewa yawanci ba ya ihu. Ba kamar a fim ba ne. Bakinsa yana shiga ruwa yana fita, ɗan numfashin da ya samu bai isa ya kira kowa ba. Mutane za su iya zama a jirgi ɗaya suna hira, yaro yana tafiya a bayansu ba su sani ba.

Ba kowane ruwa ake jefa fatsa ba

A nan ne mu mazauna kusa da masana'antu muke da tamu matsalar ta daban. Unguwannin masana'antu na Sharaɗa, Challawa da Bompai suna da kamfanonin jima, na rini, na robobi da sauransu. Jimar fata ta zamani da sinadarin kuromiyam ake yin ta. Gurɓataccen ruwan Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa Kogin Challawa, na yankin Challawa ma kogin yake gangarawa. Na Bompai kuwa rafin Getsi yake bi ya haɗu da Jakara, har zuwa dam ɗin Wasai a Minjibir. Masu bincike daga jami'o'inmu, ciki har da Jami'ar Bayero, sun sha auna waɗannan ruwaye, suna kuma samun ƙarafa masu guba irin su kuromiyam da dalma da kadmiyam.

Me ya haɗa wannan da tukunyarki? Waɗannan ƙarafa suna kwantawa a taɓon ƙasan kogi. Ƙananan halittu su ci, kifi ya ci su, gubar ta riƙa taruwa a jikinsa, musamman a hanta, ƙoda da zakara-zakaran da yake numfashi da su. Kifin da ke kiwo a ƙasa cikin taɓo, irin tarwaɗa da kurungu, da kuma babban kifin da ya daɗe a ruwa, su suka fi ɗauka. Wuta ba ta kashe ƙarfe, Uwargida. Ki soya, ki banda, ki yi farfesu da yaji har ya ƙona harshe, dalmar tana nan. Ba kuma ranar da aka ci ake ganin illar ba. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali, tana rage jini, tana ratsawa daga mai ciki zuwa ɗan da ke cikinta. Kadmiyam kuma ƙoda yake yi wa lahani.

Don haka sharaɗin farko shi ne wuri. Kada a yi fatsa a inda magudanar kamfani ke shiga kogi, ko ƙasa da wurin. Ruwan da ya canja launi, ko yake kumfa, ko yake warin jima, ko ƙafa kada a tsoma, domin yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Dam ɗin Ƙaraye yana can sama, kogin bai iso masana'antu ba tukuna, Tiga kuma a kan Kogin Kano yake. In za a je, can ya fi. Kifin da aka tsinta yana yawo matacce a saman ruwa kuwa, ko kyauta ne ba a kawo shi gida. Ruwa ba ya tsami banza: wataƙila an sako guba daga magudana, ko wani marar imani ya zuba maganin ƙwari don ya kwashi kifi a sauƙaƙe.

Kada wannan ya sa ki daina ba yara kifi. Abinci ne mai gina jiki. Ki dai riƙa tambayar mai sayarwa daga ina aka kamo, ki cire kayan ciki tas, ki wanke, ki dafa ya nuna sosai.

Tsargiya ba alamar balaga ba ce

Wani bambancin ruwanmu da teku shi ne tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke zama a ruwan daɗi marar gudu, cikin ciyayin bakin dam da magudanan noman rani. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata take shiga. Yaron da ya tsaya a ruwa yana tura kwale-kwale, ko ya ce bari ya ɗan yi iyo kafin a tafi, ya isa ya ɗauka.

Bayan makonni ko watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Har yanzu a wasu gidaje ana ɗaukar wannan a matsayin shaidar yaro ya zama namiji. Ba haka ba ne, cuta ce, kuma in aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda. 'Yan mata ma suna kamuwa, tana iya taɓa musu al'aura da mahaifa. Maganinta ƙwaya ce mai suna praziquantel, ana bayarwa daidai da nauyi ko tsawon mutum. Ki kai yaro asibiti a gwada fitsari, kada ki saya a kemis ki yi kirdado. Idan kuma an zo rabon maganin a makarantarsu, ki bari ya sha, bayan ya ci abinci.

Sharuɗɗan da za ki gindaya

Na ɗaya, rigar kariya ga kowa, har wanda ya iya ruwa, a ɗaure ta tun daga gaɓa. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana shiga jirgi babu ita, ta kuma hana tafiyar dare. Rigar ta zama daidai jikin yaro: ki kama kafaɗunta ki ɗaga, in ta zame ta rufe masa kunnuwa, ta yi masa yawa.

Na biyu, matuƙin ya zama masuncin wurin, babban mutum wanda Sarkin Ruwa ya san shi, ba sa'an yaronki ba. Shi ya san rami, ya san kututture. Adadin mutanen da ya ce jirginsa zai ɗauka, kada a ƙara ko ɗaya.

Na uku, ba a miƙewa tsaye a kwale-kwale, ba a rububin komawa gefe ɗaya don ganin kifi, ba a leƙawa don ɗaukar hoto. A nan jirgi ke kifewa.

Na huɗu, a fita da safe, a dawo kafin la'asar. Da an ga gabas ta yi duhu, a nufi gaɓa.

Na biyar, ki san sunan wurin da lambar babban da ke tare da su. Su tafi da ruwan sha daga gida, da hula, da igiya, da jarkar da babu komai a ciki an rufe bakinta gam.

Yaro mai farfaɗiya ba ya shiga jirgi sai da shawarar likita da kuma babba a gefensa. Ƙananan yara kuwa su tsaya a gaɓa, a inda hannun babba zai kai gare su. Sannan ki duba 'yan ƙarafan da ake ɗaura wa zaren fatsa don ya nutse, yawanci dalma ce. Ki hana yara matse su da haƙori, kuma a wanke hannu kafin cin abinci.

Idan tsautsayi ya faru

Wanda ya faɗa ruwa, kada a yi tsalle a bi shi. Mai nutsewa yana riƙe mai ceto da ƙarfin da ba a zata ba, sai a rasa biyu. A miƙa masa gora ko filafili, ko a jefa masa jarka ko igiya, a yi kururuwa a kira masunta.

In an fito da shi, kada a danna masa ciki, kada a rataye shi kai ƙasa wai don ruwa ya fita. Wannan ɓata lokaci ne, kuma yana iya tura amai cikin huhu. A kwantar da shi a bayansa, a ɗaga haɓarsa, a duba ko yana numfashi. Idan ba ya yi, a toshe hancinsa a hura masa iska a baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri sau 30, a hura sau 2, a ci gaba haka ba tsayawa. Wani ya kira 112 ko ya nemo mota. Idan yana numfashi, a juya shi ya kwanta ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. Ko da ya tashi yana dariya ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu kan iya tayar da wahalar numfashi bayan wasu sa'o'i.

Ƙugiya in ta shige nama, ba a fizgo ta baya, saboda ɗan haƙorin da ke bakinta zai yaga wurin. A yanke zaren, a rufe da tsumma mai tsabta, a zo mana da shi. In kusa da ido ne, kada kowa ya taɓa. Ƙayar tarwaɗa ko ta kurungu kuma tana da raɗaɗi sosai: a wanke da sabulu, a tsoma wurin a ruwan zafin da hannu zai iya jurewa na kamar minti 30. Kada a shafa man birki, toka ko ƙasa. A duka biyun, a je a duba ko yana bukatar allurar tetanos. In wurin ya kumbura, ya yi ja, ko zazzaɓi ya biyo baya, kada a kwana a gida.

Hausawa suka ce iya ruwa fid da kai. Ni kuwa na ce fitar tun daga tsakar gida take farawa, da tambayoyin da uwa za ta yi kafin a ɗauki sandar fatsa. Ki zauna da maigida a yi maganar tun kafin hutun makaranta ya zo, a sayi rigar kariya ko da guda biyu ce a riƙa karɓa-karɓa.

Ku da kuke zaune a Panshekara, Kumbotso, Tamburawa, Ƙaraye ko Tiga, ku faɗa mana a ƙasa: a ina yaranku ke zuwa ruwa, kuma a ina ake samun rigar kariya da sauƙi? Amsarki za ta iya amfanar wata uwar. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.